Kifayen Gwaggo a Shisha

Muna idar da sallar asuba muka kama hanyar filin jirgin Kano, ni da ƙanwata, da ƙunshin yaji da daddawa da aka ɗora mana mu kai wa gwaggonmu a Makka. Rana ta take muka sauka Jidda. Daga nan mota ta yi ta shan kwalta sumul, baƙaƙen duwatsu hagu da dama, har masaukinmu a Jarwal. Muka yi umra, muka huta, muka karya da gurasar tamis da wake. Shayin wajen kuwa, in ka juya kuɗinsa zuwa naira sai ka ji ƙishin ya tafi da kansa.

Washegari muka ɗauki tasi zuwa unguwar Shisha, inda gwaggo take. Gwaggo ƙanwar babanmu ce, aure ya kai ta can tun kafin a haife ni, mijinta kuma ya rasu bara. Ta rungume mu tana kuka tana dariya, amma ko yajin ba ta kwance ba ta ja mu falo. Wani dogon akwatin gilashi ne cike da ruwan gishiri, a ciki kifayen Bahar Maliya, shuɗi da rawaya da masu zane-zane. Marigayin ne ya yi kiwonsu. Ni da a tukunyar miya kaɗai na san kifi, sai na tsaya ina ta kallo.

"Ya binti, 'yata, ba su da lafiya," in ji ta. "Biyu sun mutu. Amanar Alhaji ce. In suka ƙare, wallahi ban san me zan kalla a ɗakin nan ba."

Na leƙa. Jikinsu fari-fari kamar an barbaɗa musu gishiri, suna ta goga jiki a duwatsu, rawayan cikinsu ya raɓe a lungu yana haki. Ashe kullum da safe gwaggo na zuba musu kofin zamzam tana addu'a.

Babbar 'yarta, haihuwar can, ta yi mana bayani, Hausarta na tuntuɓe da Larabci. Mai sayar da kifin ya ce ƙananan ƙwari ne ke cin jikinsu, kuma a yashin akwatin suke hayayyafa. Sai an kwashe kifayen duka zuwa wani akwati daban a sa musu magani a can, a bar babban wata biyu da ɗoriya babu kifi ko ɗaya, yunwa ta kashe ƙwarin. Wanda ya fi galabaita kuma a ɗan tsoma shi cikin ruwan daɗi ya samu sauƙin numfashi. Gwaggo ta ƙi sam.

"Haka aka ce da Alhaji, a kai shi mustashfa kwana biyu," ta ce, wato asibiti. "Halas, shi ke nan, bai dawo ba."

Tausayi ya cika ni har na kasa kallonta. Can na ce, "Gwaggo, ai zamzam ma ruwan daɗi ne. Ke za ki tsoma shi da hannunki, kuma asibitin nan a gefen gadonki za mu ajiye shi."

Ta daɗe tana kallon akwatin kafin ta ce a kawo kwano. Muka jira zamzam ɗin ya yi ɗumi daidai da ruwansu. Da ta saka rawayan sai ya kwanta ta gefe, gabana ya faɗi. Ita ko gezau, tana ta "sannu, miskin, sannu," har ya kaɗa jela ya miƙe. Kafin la'asar mun kwashe su duka zuwa wani ƙaramin akwati a gefen gadonta, babban akwatin ya zauna wayam.

Mun dawo Kano da dabino da zazzaɓin gajiya. Abin da na koyo shi ne, mai makoki ba a ce masa ya saki abin da ya riƙe, kama masa ake yi. Shekaranjiya gwaggo ta aiko mini saƙon murya. Ta ce shuɗin bai kai labari ba. Sannan ta ƙara da cewa, "Amma rawayan ya ci abinci, ya binti. Da na ga ya ci, ni ma na tashi na ɗora tuwo."