Akwatin da Aka Hana Mu Buɗewa

A lokacin ina aiki a wata masaƙa da ke Challawa, ina hayar ɗaki ɗaya a Panshekara, ban yi aure ba tukuna. Yayata da nake bi tana auren wani soja, suna zaune a barikin da ba shi da nisa da mu. Kofur muke ce masa, har Inna mahaifiyarmu ma haka take kiran sa. Mutum ne mai sanyin magana. Ya je yaƙin basasa ya dawo da ɗingishi, shi ya sa aka mai da shi aikin sito, inda ake ajiye harsasai da sauran kayan faɗa.

Da bazara ne abin ya faru, da hantsi, ina dutin safe. Wanda bai taɓa shiga ɗakin saƙa ba ba zai gane irin ƙarar da ke ciki ba. Da hannu muke magana, don ko ka sa baki a kunnen mutum ba lalle ya ji ka ba. Saboda haka ban ji fashewar farko da kunne ba, a ƙafafuna na ji ta. Daɓen siminti ya yi tsalle da mu, tagogin sama suka tarwatse, burbushin auduga da ya daɗe a kan ƙarafunan rufi ya zubo mana a ka. Wuta ta ɗauke, injuna suka mutu gaba ɗaya. Muka tsaya cikin duhu-duhu muna kallon juna, kowa fari fat da auduga. Sai ta biyu ta tashi, ita kam mun ji ta.

Helumanmu, wato shugaban ma'aikatan ɗakinmu, ya ɗauka tukunyar tururi ce ta fashe, ya kora mu waje. Da muka fito fili muka ga masaƙa lafiya lau. Can gefen bariki ne hayaƙi ya miƙe sama, baƙi wuluk, gindinsa ja. Wani mutumin Damagaram da ke kan injin kusa da nawa ya san ina da 'yar'uwa a can. Ya riƙe mini riga yana cewa in tsaya abin ya lafa. Na fizge na hau kekena.

Ni kaɗai ke tafiya wajen, kowa tahowa yake a guje. Mata ba ɗankwali, tsofaffi ba takalmi, wani ya saɓo akuya a kafaɗa. Abin da ya fi tsinka mini zuciya shi ne ganin sojoji cikin masu gudun. Wani ƙato daga shi sai singileti da gajeren wando, jini ya wanke masa rabin fuska, yana gudu yana salati. Tunda nake ban taɓa zaton soja na gudu a cikin gari ba. A bayansu kuma harsasai na ta fashewa da kansu kamar ana toya gugguru, jefi-jefi wani babba ya yi gunji ya wuce ta sama. Ɗaya ya faɗi a wata gona gefen hanya, ƙasa ta tashi ta rufe ni. Na yar da keken na ci gaba da ƙafa.

A gindin wata darbejiya na tarar da Yaya. Tana zaune a ƙasa, 'yarta goye a baya, muciya a hannunta, jini na bin kunnenta na hagu har wuya. Na kira ta, ba ta waiga ba. Sai da na tsuguna a gabanta na kama kafaɗarta sannan ta gan ni.

"Ka ga Kofur?" ta ce, da ƙarfi kamar tana kiran wani a hayin kogi.

Na ce ban gan shi ba. Ta zuba wa bakina ido, ta sake tambaya ta. A nan na gane ba ta ji.

Na kai ta Panshekara. Hajiyar da nake haya a gidanta ta karɓe ta, ta wanke mata kunne, ta sauke yarinyar ta duba jikinta, ko ƙwarzane babu. Da ƙyar aka ɓanɓare muciyar daga hannun Yaya.

Da yamma na koma ƙofar bariki, na tarar an tare hanya. Wani saja ya ce duk mai neman nasa ya tafi asibiti. Na tafi. An shimfiɗa mutane har a baranda, wasu an lulluɓe su da ƙyalle saboda ƙuna, ido kawai ake gani. Na riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya ina leƙawa, ina duban ƙafa, don na san tabon da ke ƙaurin Kofur. Wani ya kama mini wando yana roƙon ruwa, fatar hannunsa ta saɓule ta manne a jikin yadin. Na fita waje na yi amai, na dawo na ƙarasa layin. Washegari aka bar ni na shiga mutuware. Can ma ba ya nan.

Rediyo bai faɗi wani abin kirki ba. An ce gobara ce ta kama ma'ajiyar makamai, ana bincike, kuma kada kowa ya taɓa wani ƙarfe da ya tsinta. A unguwa kuwa kowa da nasa zancen: wani ya ce zafin rana ne, wani ya ce guntun sigari, wani ya ce kayan sun tsufa tun na yaƙi. Har yau ban san gaskiyar ba.

Inna ta iso daga ƙauye tare da Kawu, ƙanenta. Muna zaune a soron Hajiya wata safiya sai ga motar soja ta tsaya. Wani matashin kyaftin ya sauko, ya cire hula, ya yi sallama. Ya ce Kofur na cikin siton lokacin da wutar ta kama. Aka sauko da akwati na katako, an buge shi da ƙusa ta ko'ina.

Kawu ya ce a kawo guduma a buɗe. Mamacinmu Musulmi ne, sai an yi masa wanka an sa masa likkafani. Kyaftin ɗin ya durƙusa a gabansa, da kakinsa da komai.

"Baba, don Allah ku bar shi a rufe. Ni ma Musulmi ne. Da hannuna na haɗa abin da ke ciki, na naɗe shi da farin ƙyalle. Ba na so ku gani."

Liman ne ya ce a yi masa salla a haka, Allah ya san bawansa.

Ina cikin waɗanda suka ɗauka. Na tattaro ƙarfina na cicciɓa, sai akwatin ya taso sama kamar babu komai a ciki. Kofur mutum ne mai jiki, buhun gero ba ya ba shi wuya. Muka dubi juna da wanda ke riƙe da ɗaya gefen, kowa ya kau da kai. Da muka zo gangaren maƙabarta na ji wani abu ya zame daga wannan ƙarshe ya bugi wancan. Na ja da baya, sai wani ya karɓe ni.

Da muka dawo Yaya ta kira ni ɗaki. Ta juyo mini da kunnen dama, wanda ya fara buɗewa kaɗan, ta tambaye ni ko na ga fuskarsa. Na ce ba a buɗe ba. Ta ce to ta yaya aka san shi ne? Na sa baki kusa da kunnenta na ce haka suka faɗa mana. Ta gyara mayafinta. Ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Mun ɗauka abin ya ƙare ke nan. Ba a yi sadakar arba'in ba, manoma suka fara sharar gona. Akwai wani maƙeri a bayan layinmu, dattijo, shi ke yi wa rabin unguwar fartanya. Wani manomi ya tono wani dunƙulen ƙarfe mai tsatsa a gonarsa, ya kawo masa ko zai yi amfani. Ina bakin famfo ina alwalar azahar na ji ƙarar. Da muka isa babu rumfar, babu maƙerin, babu manomin. Zugazugin na rataye a kan wayar lantarki. Mutane suka yi cirko-cirko daga nesa, an rasa mai matsawa. Yaya kuwa, tana cikin takaba, ta fito titi a guje ba mayafi, ta ɗauko 'yar Hajiya a maimakon tata, ba ta sani ba.

Bayan wannan ne sojoji suka bi gonaki suna tono, suna kafa jan ƙyalle a duk inda suka samu wani abu. A daminar nan gonaki da yawa ba a shuka su ba.

Na koma masaƙa, amma na kasa tsayawa a ɗakin saƙa. Ko ƙoshiyar saƙa ce ta fita daga inji ta bugi ƙarfe, sai in tsinci kaina a ƙasa. Heluma bai yi mini faɗa ba, ya sa aka mai da ni wajen ɗaure dilolin yadi.

Da Yaya ta fita takaba Inna ta tafi da ita gida. Kunnen hagun bai sake ji ba. Daga baya ta auri wani malamin makarantar firamare, ta haifi 'ya'ya da shi. 'Yar Kofur kuwa a hannuna ta yi sakandare. Da ta zama budurwa ta ce in kai ta kabarin babanta. Muka je, muka tarar maƙabartar ta cika ta haɗe, na yi ta zagaye ban gane wurin ba. Muka tsaya a inda nake zato, muka yi addu'a, muka dawo gida.