Ashar Ɗin da Kakata Ta Hana

Duk sanda aka kwance buhun busasshen tattasai a kasuwar Diffa har ya sa ni atishawa, muryar kakata nake ji: "Ubanki, juya can, kada ki tofa mini a kaya!"

Kada ku ɗauka faɗa ne. Tsohuwar nan da ashar take gaisuwa. Akuya ta sha nata, injin ban ruwa ya sha nasa, mu jikoki kuwa daƙuwa ce karin kumallonmu. Wanda ya fi kowa samu shi ne ƙanen kakana, abokin wasanta tun tana amarya. Kullum da hantsi sai ya biyo ta gonarta a bakin kogin Komadugu, ta ɗago kai ta ce, "Mai kan ƙwarya, yau ma ba ka mutu ba?" Ya rama, su yi ta dariya, ta cika masa hula da tattasai.

Shekarar da kakana ya rasu, tana cikin takaba, mutumin nan ya sayar da gonar a ɓoye. Ranar da ta fita takaba tare muka je, muka tarar da baƙi suna dashe. Na toshe kunnuwa ina jiran ashar. Sai kawai ta juya muka koma gida. Washegari da ya shigo gida sai ta durƙusa har ƙasa: "Ina kwana, Alhaji? An tashi lafiya?"

Shekara tara tana masa wannan ladabi. Ya aiko da goro, ya aiko da liman, a banza. Tana ciwon ajali ya tsuguna bakin tabarmarta yana hawaye: "Don Allah ki zage ni ko sau ɗaya." Ta ce, "Na gode da dubiya, Alhaji."

Yanzu yara na ɗura wa wanda ba su ma sani ba ashar a waya, duk ta yi arha. Shi kuwa yana nan a zauren ɗansa, ya makance. Jika ma abokiyar wasa ce, shi ya sa bara ya riƙe hannuna ya ce muryata irin tata ce, in yi masa guda ɗaya tak. Wallahi ta zo mini har baki, irin tata sak. Sai na tuna ta da furfurarta tana ƙwadago a gonar da take tata. Na haɗiye. Ban yafe ba, kuma ba na jin zan yafe.

Duk Juma'a nakan je in durƙusa in ce, "Ina wuni, Alhaji?"