Wasiƙar da Soja Ya Karanta a Tsakiyar Kogi

Shekarun baya, lokacin yaƙin basasa, ina ɗan shekara ashirin da uku, mahaifina ya yi mini wani aike da har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. A lokacin ɗinki nake yi a kasuwar Kurmi, gidanmu yana Mandawari. Ruwa mafi girma da na taɓa gani a rayuwata shi ne kududdufin bayan unguwarmu, shi ma daga nesa nake gaishe shi.

Mahaifina tsohon bafataken goro ne, ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Wata rana bayan la'asar ya sa aka kira ni ɗakinsa, ya ce in saki labule. Ya ce shekara ashirin da suka wuce ya ɗauki hayar kwale-kwale a wani ƙauye da ke bakin kogin Kwara, gaba da Lakwaja. Matuƙin ya gaya masa huhunan goron sun yi yawa. Mahaifina ya bari sai da mutumin ya tafi salla, ya sa aka ƙara huhu shida a ƙarƙashin tabarma. A tsakiyar ruwa jirgin ya kife, wata mata da jaririnta suka nutse. Da aka je gaban dagaci, mahaifina ya rantse cewa matuƙin ne ya yi lodin da hannunsa. Aka karya wa mutumin filafilin tuƙi a bainar jama'a, aka haramta masa jan jirgi, shi da 'ya'yansa.

"Na rubuta komai," in ji shi, ya miƙo mini takardar ajami a naɗe cikin fata. "Ka kai ta gaban dagacinsu. Kada ka ba kowa a hanya."

Na ce, "Baba, yaƙi fa ake yi a can."

"Na sani. Ni kuma ba na jin zan ga ƙarshensa."

Mahaifiyata ba ta san komai ba. Ce mata aka yi zan je Bida sayo yadi.

Na hau jirgin ƙasa zuwa Minna, daga nan Baro, inda na fara ganin Kwara. Wallahi na ɗauka an yi ambaliya ne mutanen garin ba su lura ba. Na yi kwana biyu ina cigiya kafin na samu jirgin da zai gangara ƙauyen. Matuƙinsa wani dattijo ne kakkaura, ɗan can, mai jin Hausa sosai. Ya kalli yadda na shiga jirgin da rarrafe, ya ce, "Bakano, ka iya ruwa?" Na ce na iya sha. Matan da ke cikin jirgin, masu komawa gida daga sayar da busasshen kifi, suka yi ta dariya.

Kwanan farko ba abin da ya faru sai amai da na yi ta yi. Gefe da gefe daji ne kore shar, ga dorina na fito da kai nesa da mu. Amma da muka wuce Lakwaja sai hira ta mutu. Muka riƙa cin karo da jiragen masu gudun hijira, da tukwane da akuyoyi da tsofaffi, duk suna haurowa, mu kaɗai muke gangarawa. Lokaci-lokaci a ji wani rugugi daga kudu, ba kuwa hadari a sama.

Da hantsin rana ta uku jirgin sojoji mai inji ya tare mu. Gishiri suke nema, domin ana zargin wasu na tsallakar da shi ɓangaren da ake yaƙi da su. Suka zazzage kayan kowa. Wani kofur ya lalube ni, ya zaro fatar daga aljihun 'yar cikina.

"Mene ne wannan?"

"Wasiƙa ce, ranka ya daɗe."

Ya juya ta sama da ƙasa, bai iya ajami ba. Ya ce saƙon leƙen asiri ne, ya ɗora mini bakin bindiga a ƙirji. Na ji sanyin ƙarfen ta cikin riga. Sai ya kira wani soja, mutumin wajen Zariya, ya ce ya karanta da ƙarfi kowa ya ji.

Na roƙe su. Na ce maganar gida ce. Ba wanda ya saurare ni.

Haka sojan nan ya tsaya a kan jirginmu yana karanta asirin mahaifina kalma bayan kalma, da sunan ƙauyen, da sunan matuƙin da aka zalunta, da huhu shidan. Tun bai kai ƙarshe ba muryarsa ta yi ƙasa. Ya naɗe takardar ya ba ni da hannu biyu, suka tayar da inji suka tafi.

Matan suka ja kwandunansu nesa da ni. Dattijon matuƙi ya kalli ruwa, ya ce, "Matar nan da ta nutse ƙanwata ce. Ni na karya filafilin, da gwiwata."

Jama'a, ku auna zamana. Ga ni a tsakiyar kogin da ba na hango gaɓarsa sosai, ban iya iyo ba, mutumin da ke riƙe da jirgin kuma yanzu ya san ɗan wa ya ɗauko. Duk motsin da ya yi sai na ƙanƙame katako. Da azahar iska ta taso, igiyar ruwa ta riƙa dukan jirgin tana watso mana ruwa. Ya daka mini tsawa, "Kai! Taso nan!" Na ce shi ke nan, na fara kalmar shahada. Ashe ƙwarya ya cillo mini.

"Kwashe ruwan! Ba za ka mutu ba sai ka kai takardar nan."

Na yi ta kwasa har hannuna ya mutu. Da la'asar muka isa.

Washegari da safe dagaci ya tara mutane a ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro. Aka riƙo hannun mutumin da na zo dominsa. Tsoho ne siriri, idonsa ya kusa tafiya, yatsunsa duk kanta saboda gyaran tarun wasu, sana'ar da ya koma ke nan. 'Ya'yansa maza biyu na bayansa, manya, ba wanda ya taɓa jan jirgi a cikinsu, a garin da jirgi ne abinci kuma shi ne mutunci. Na karanta takardar, wani yana fassarawa.

Da na gama, dattijon da ya kawo ni ya tashi, ya ɗauko filafilinsa, ya durƙusa ya ajiye a gaban tsohon. Ya yi magana da yarensu yana kuka. Dagaci ya ɗage haramcin nan take.

Tsohon ya shafa filafilin tun daga kai har ƙasa, ya miƙa wa babban ɗansa. Sannan ya juyo inda ya ji muryata.

"Mahaifin naka yana da rai?"

"Na baro shi da rai, Baba. Ya ce in roƙa masa gafara."

"Matata ta mutu tana zaton ni na kashe matar nan da jaririnta," in ji shi. "Ka gaya masa na ji saƙonsa."

Na jira ƙari. Bai ƙara ba.

Kwana tara na yi a hanyar komawa, kuma duk tsawonta shawara ɗaya nake yi da zuciyata. Na tarar da mahaifina ya ƙara ramewa. Ko ruwa bai bari na sha ba ya kama hannuna.

"Ya yafe?"

Da na ce e, ba mai ƙaryata ni. Amma ƙarya ce ta kai ni kogin nan, na kasa dawo masa da wata. Na ce, "An wanke shi, Baba, 'ya'yansa sun shiga jirgi. Shi kuma ya ce ya ji."

Ya rufe ido. Can ya ce, "Ya yi daidai." Bayan sati uku ya rasu.

Yanzu na girmi mahaifina a shekarun da ya bar duniya. Abin da na koya shi ne, mayar wa mutum haƙƙinsa wajibi ne a kanka, amma yafiya tasa ce, ba a ƙwatarta ko da an sha wuyar hanya. Wani lokaci nakan ce da na tausaya wa tsoho mai jinya da kalma ɗaya. Sai kuma in tuna yadda ya karɓi amsar bai yi gardama ba, in ga kamar ya fi ni sanin abin da ya aike ni in ɗauko. Kullum in na idar da salla su biyun nake haɗawa a addu'a ɗaya. Sauran na bar musu, su da Ubangijinsu.