Takardar da Mu'awiyya Tela Ya Yanka Gida Tara

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki kasuwar Kebbe ya san Mu'awiyya Tela, ko da bai riƙe sunansa ba. Dogon nan ne mai tabarau ɗaure da zare, wanda zai auna ka sau uku kafin ya taɓa yadinka, ya kuma dawo maka da ƙyallen da ya rage ko bai kai tafin hannu ba. Shekara talatin da wani abu yana taka keken ɗinki ɗaya. Mutum ne mai tattali, ga kunya har ta yi masa yawa. Idan mace ta kawo ɗinkin wandon mijinta, bango yake kallo yana tambayar ta awo.

Ciwon sukari ya kama shi yana da arba'in da 'yan kai. Ya rage masa gani, ya raba shi da shayi mai kauri, sannan a hankali ya ɗauke masa abin da namiji ba ya faɗa wa kowa an ɗauke masa. Shekara goma sha ɗaya shi da matarsa Safiyyatu suna zaune kamar wa da ƙanwa. Bai taɓa tada maganar ba, ita ma ba ta tada ba. Ya sha saiwoyi, ya sayi na masu lasifika a tasha yana cewa saƙon wani aboki ne, duk a banza. Abin yana cin ransa ƙwarai, don yana son matar nan, kuma kullum gani yake ya tauye ta.

Wani likita ne a Sakkwato, ranar da ya je awon sukari, ya gaya masa akwai aikin da ake yi wa irinsa. Ana dasa wasu 'yan bututu biyu a gaban mutum, da ɗan famfo ɓoye a ƙarƙashin fata, mutum ya koma kamar kowa. Mu'awiyya ya yi wata biyar yana juya maganar. Daga baya ya sayar da gonar fadamar da ya gada, ya ce wa gari da gida aikin gwaiwa za a yi masa, ya tafi Abuja shi kaɗai.

Aiki ya yi kyau. Ranar sallama ce ta ɓata lissafi. Likitan ba ya jin Hausa, sai aka kira wata nas ta yi tafinta, yarinya sa'ar 'yarsa Anisa. Tana buɗe baki sai ga Sakkwatanci tsantsa.

"Baba, wane gari kake?"

"Kebbe."

"Ashe na gida na. Ai kakata 'yar Jabo ta."

Daga nan kunnuwan Mu'awiyya suka toshe. Yarinya tana ta bayani dalla-dalla, har da nuni da hannu, shi kuwa ya ƙura wa takalminsa ido yana cewa, "Na gane, ɗiyata, na gane." Abu ɗaya ne ya shiga kansa: in an kula da dashen yakan kai shekara goma zuwa sha biyar, wani ma ya wuce, in ba a kula ba sai an sake yanka mutum. Gona kuwa ɗaya ya gada. Yadda ake kulawar yana cikin wata takarda da aka miƙa masa, da Turanci, ga wani hoto a samanta wanda ko makaho ya shafa ya san inda aka dosa.

Da ya dawo Kebbe sai ya zauna ya lissafa masu jin Turancin da ya sani. Akwai surukinsa, akwai Anisa, akwai malaman makarantar da ke zaman hira a bencin shagonsa, waɗanda magana ba ta kwana a bakinsu. Babu wanda zai iya miƙa wa takardar nan ya sake haɗa ido da shi. Sai ya yi abin da ya fi iyawa a duniya, ya ɗauko almakashi. Ya yanka ta gida tara, layi-layi, yanka mai kyau babu karkata. Kan takardar mai hoto ya cusa a aljihun wata tsohuwar riga ya ɗinke bakin aljihun. Sauran takwas ɗin ya shafa musu man gyaɗa ya zuba a gwangwanin maɓallai. Dabararsa ita ce kowane yanki ya kai shi wani gari dabam, kowa ya karanta masa kaɗan, kada kowa ya san duka.

Sati uku da aiki ya hau mashin ɗin kabu-kabu zuwa Tambuwal. Wanda ya san hanyar nan ya san ko lafiyayye sai ya sauka yana dafa ƙugu. Mu'awiyya ya isa yana haɗa gumi, ya nemi Malam Jumare, wani tsohon hedimasta da ya taɓa yi wa ɗinkin Sallah.

"Malam, ƙosai anka ƙunsa mani cikin wagga takarda. Nic ce bari in ji ko da sunan Allah ciki kafin in yas da ita."

Malam Jumare ya yaba masa da wannan tsoron Allah, ya gyara tabarau ya duba.

"Babu sunan Allah. Takardar asibiti ta. Cewa anka yi kar majinyaci shi hau mashin ko keke, ko kusa." Ya miƙa masa abarsa. "Kai da mi kaz zo, na ga kana ɗingishi?"

"Da mashin," in ji Mu'awiyya a hankali.

A bayan motar hatsi ya koma gida, a tsaye, ya rungume ƙarfe.

Bai daddara ba. Ya je Sanyinna wajen Ɗanmaliki mai kemis, aka karanta masa cewa a kula da sukari, a kula da tsabta, in an ji zazzaɓi ko kumburi a garzaya asibiti. Ya je Jabo wajen wani malamin gona, aka ce kar a ɗauki kaya mai nauyi. Ko'ina labarin ƙosan nan yake bayarwa, har ya fara jin kamar da gaske ya ci shi.

Yanki na huɗu ne ya karya masa gwiwa. Wani mai shagon buga takardu a tashar Tambuwal ya karanta, ya ɗago ya dube shi sama da ƙasa.

"Nan an ce kar a kusanci iyali."

"Har yaushe?"

"Ba ta faɗi ba. Daidai nan anka yanke." Mutumin ya juya takardar ya shinshina. "Wanga mai ƙosai naka, almakashi nai na da kaifi."

Mu'awiyya ya karɓe abinsa ya bar tashar ko waiwaye babu. Sauran huɗun bai sake yarda ya kai wa kowa ba.

Haka ya riƙe dokokin da ya samu, riƙo irin na mai tattali. Ba ya hawa mashin, ko buta cikakkiya sai ya yi tunani kafin ya ɗaga, yana tafiya a kasuwa kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. 'Yan bencin shago suka sa masa ido suna cewa gwaiwar Abuja dabam take da ta gida. Iyali kuwa bai kusanta ba. Yakan lallashi kansa cewa abin da ba a taɓawa ai shi ya fi daɗewa, kamar rigar Sallah a akwati. Amma wani lokaci yana cikin ɗinki sai ƙafarsa ta tsaya a kan keke, baƙin ciki ya rufe shi. Gona ta tafi, an yanka shi, wata huɗu sun wuce, kuma har yanzu ya shiga gida ya ce sannu da aiki ya wuce ɗakinsa.

Akwai mai jin Turanci ɗaya da bai taɓa sawa a lissafi ba. Safiyyatu ta yi aji uku a sakandaren 'yan mata kafin aure, ta kuma yi shekaru tana bin masu rigakafi gida-gida, ita ce mai cika musu fom. Ya san da haka sarai. Sai dai ita ce wadda duka ɓoyon ake yi dominta.

Kiyashi ne suka tona shi. Wata safiya bayan ya fita kasuwa ta shiga share masa ɗaki, ta ga layinsu ya miƙe har cikin gwangwanin maɓallai, man gyaɗa ya kira su. Ta kakkaɓe takardun, ta jera su a kan tabarma, ta ga babu kai. Ba ta sha wahalar nema ba. Mace ta yi shekara talatin tana wanke wa tela kaya, ta san tsohuwar riga ba ta yin sabon zare a bakin aljihu. Ta farke, ta ciro, ta samo wani ƙyalle ta ɗinke su duka tara a kai da allura, kowane a mazauninsa.

Bayan la'asar ya dawo, ta kawo masa abinci, ta shimfiɗa ƙyallen a gefen kwano, hoto yana sama. Mu'awiyya ya duba sau ɗaya. Da ƙasa za ta tsage a lokacin ta haɗiye shi, da ya gode mata.

"Malam, ka ga wanga layi da kaɗ ɗinke cikin aljihu?" Ta ɗora yatsa a ƙarƙashin hoton. "Cewa yay yi, abin da za a kiyaye cikin sati shidda na farko. Mashin, da kaya, da wancan ɗayan, duk na sati shidda na. Yau sati goma sha bakwai."

Ta ci gaba da karanta yankunan da bai kai wa kowa ba, muryarta daidai kamar tana karanta fom. In sati shida sun cika a koma wajen likita ya duba, ya koya wa mutum yadda ake aiki da famfon. Bayan nan a riƙa motsa shi kullum kamar yadda aka koya, don ajiye shi ba ya ƙara masa kwana. Abin da ke ƙara masa kwana shi ne sukari ya zauna daidai, a guji buguwa a wurin, a riƙa zuwa ana dubawa.

"Tun yaushe kinka sani?" Da kyar maganar ta fito.

"Tun randa kas sai da gona don gwaiwar da ba ka da ita." Ta naɗe hannu a cinya. "Kuma tun kafin nan. Shekara goma sha ɗaya mata na yi mani ba'a gidan biki, ina dariya ina ce masu kai ka hana ni barci. Kana tsammanin kai ɗai kar riƙe asirin ga?"

Ya cire tabarau, ya rasa abin da zai yi da su, ya shiga goge su da bakin riga. Kunya ce, da tausayinta, da wani sanyi da ya daɗe bai ji ba, duk suka taru suka cika masa ido.

"Cewa sunka yi shekara goma zuwa sha biyar," ya ce, yana kallon tabarma. "Shi nika ma tattali, Safiyyatu. Ba ni da wata gonar."

"Na gani, ga shi nan rubuce." Ta ɗago ta dube shi. "Kai sittin ba biyu gare ka, ga sukari. Ni hamsin ba ɗaya. Ba ƙarewa tai nika jin tsoro ba, Malam."

Ta tura masa kwanon gabansa, ta buɗe murfin.

"Ci abincinka. Motar Abuja da sassafe taka tashi."