Ramin da Na Toshe a Akurkin Maigida

Ni ban yi makaranta ba. 'Yar ƙanena, wadda take koyarwa, ita ce take rubuta wannan, kuma na ce mata ko ta ga ina kuka kada ta ajiye biro.

Maigidana ya rasu da damina, a shekarar da motoci suka koma bin hannun dama. Muna zaune a bayan garin Kafanchan, inda ake jin kukan jirgin ƙasa amma ba a ganinsa. Bai bar mini shanu ba, bai bar gidan kwano ba. Abin da ya bari gonar citta ce, da rumbun acca, da kaji goma sha huɗu da zakara ɗaya. Kajin duk wake-wake ne, zuriyar kaza guda da mahaifiyarsa ta ba shi a Godogodo ranar da aka kawo ni gidansa. Fiye da shekara ashirin irin bai yanke ba. Yana kwance a tabarmar ciwo ya ce mini, "Uwar yara, ki riƙe mini kajin tsohuwa." Na ce to.

Na san yawancin abin da yake yi musu, don ina gani. Yakan kifa tsohuwar tukunya da karan dawa da kashin shanu a bakin suri, da safe ya zazzage wa 'yan tsaki gara. Yakan zuba toka a gindin rumbu su yi birgima, ƙwari su bar jikinsu. In kaza ta fara gyangyaɗi, ya daka barkono da sassaƙen maɗaci ya sa a ruwan shansu. Duk wannan na ci gaba da yi, kuma har aka gama girbi ko ɗaya ba ta faɗi ba. Na fara jin kaina.

Aiki ɗaya ne bai taɓa bari in sa hannu ba, wato yaɓen akurki. Kowace shekara in sanyi ya matso, kafin Kirsimeti, zai kwaɓa ƙasa da ƙaiƙayin acca ya bi duk tsagewar bango ya lilliƙe. Amma can sama, ƙarƙashin jinka, yakan soka totuwar masara a ɗanyen yaɓe, ya juya ta, ya zare. Rami ya zauna. Nakan tsokane shi in ce, "Maigida, ƙasar ce ta ƙare ko ƙarfin? Ga ƙofa ka bar wa sanyi."

Ya ce, "Ke dai je ki duba miyarki."

"In ɓera ya zo haya, kai za ka karɓe shi."

Sai ya yi dariya ya wanke hannu. Bai taɓa gaya mini dalili ba, ni kuma ban taɓa tambaya da gaske ba. Na ɗauka ganganci ne irin na maza.

Sanyin wannan shekarar ya shigo da ƙarfi. Man ja ya daskare a kwalba, ruwan randa yana cizon haƙori. Wata safiya na ga kajin sun takure wuri ɗaya, gashinsu a tashe, suka ƙi sauka kiwo. Tsoro ya kama ni. Na kwaɓa ƙasa na yaɓe akurkin tsaf, na hau turmi na kai ga ramin nan na cika shi, na shafe da tafin hannu har ya yi sumul. Na tuna har magana na yi masa a raina, na ce yau dai na gyara maka aikinka. Da rana ta yi sanyi kajin suka shiga, na ɗebo garwashi a kasko kamar yadda nake sa wa ɗakina, na ajiye a kusurwa, na kifa masa tsohon kwando mai huji don kada su taka. Na ja murfin ƙofa, na toshe gefensa da tsumma.

Gari ya waye ban ji cara ba. Na ce sanyi ne ya hana zakara. Na ɗauki ƙwaryar dusa, na zare tsumman, na buɗe, na yi musu kiran da nake yi kullum. Shiru. Na sake kira. Sai na durƙusa na leƙa.

Suna kwance. Dukansu. Ba jini, ba gashi a warwatse, ba alamar muzuru ko maciji. Wasu sun taru a bakin ƙofa, bakinsu daidai inda na cusa tsumman. Zakaran yana kife a kansu, fiffike a buɗe. Na jawo ɗaya, jikinta da sauran ɗumi, kanta yana lilo. Na hura mata iska a baki. Na girgiza ta. Na jawo ta biyu, na jawo ta uku, ina jera su a ƙasa kamar doya. Ban yi kuka ba a lokacin. Ƙwaryar dusa ma tana hannuna, ban san ina riƙe da ita ba.

Maƙwabciyata, wadda muke zumuntar mata tare a majami'a, ta leƙo ta kan danga ta ce, "Yesu! Mama, annoba ce?" Ta zagayo da gudu, ta sa kai a akurkin, ta fito tana tari. Ta ɗaga kwandon ta ga kasko. Ta dubi sama ta ga ɗanyen yaɓe.

"Ina ramin da Baba yake bari?"

Na ce, "Na toshe. Sanyi ke shiga."

Ta riƙe baki. "Mama, ta nan suke numfashi. Kin kuma sa wuta?"

A nan na zauna a ƙasa kusa da kajin. Ashe duk shekarun da nake masa ba'a, ran kajin ne yake fita yana shiga ta wannan ɗan ramin. Sanyi bai kashe ko ɗaya ba. Ni ce, da hannuna, ina murna.

Ba mu ci ba. Muka haƙa rami a bayan gonar citta muka binne su goma sha biyar. Wata biyar da binne maigida ke nan, kuma ban ji kunyar yin kuka irin na ranar jana'izarsa ba.

Ana saura kwana biyu Kirsimeti ƙanwarsa ta zo daga Godogodo. Tun daga ƙofa take ihu, "Matarmu! Wace za ki yanka wa dangin miji?" Sai ta ga tsakar gida wayam. Na gaya mata komai, ban ɗora wa annoba ba. Sannan ta ce, "Kin manta sagarar da yaya ya ba ni kiwo bara? Ta yi ƙyanƙyasa biyu. Rabonsa yana wurina."

Na manta sam. Bayan sabuwar shekara ta dawo da kwando a ka, sagaru uku da ɗan zakara, duk wake-wake. Ta sauke ta ce, "Matarmu, kafin in kwance su, nuna mini ramin."

Yaɓen ya riga ya bushe, totuwa ba ta shiga. Na hau turmi da tsinin lauje ina ƙwaƙula, ƙasa tana zubo mini a fuska, har tawa ta fita duka na iske nasa tsohon bakin ramin, da zanen totuwarsa a jiki. Na sa yatsa na ji iska. Sannan na ce mata ta kwance su.