Gwangwanayen Simintin Yaya Sabi'u

Ranar Asabar ɗin da soja suka miƙa mulki ga farar hula, a watan Mayun 1999, kowa a unguwarmu ta Ƙofar Dawanau ya kasa kunne ga rediyo, ni kuwa ina zaure ina kallon Yaya Sabi'u yana ɗaure jaka zai tafi Ikko neman aiki. Shekarata goma sha ɗaya, siriri kamar tsinken tsire, kuma shi kaɗai ne abokina, don yara ba sa saka ni a ƙwallo; da na ɗan ruga sai haki. Kafin ya fita ya nuna mini gwangwanayen madararsa biyu, cike da siminti, an haɗa su da bututun famfo. Ya ce, "Ranar da ka ɗaga wannan sama da kanka, ka kuma haye dutsen Dala ba ka tsaya ba, zan zo in tafi da kai. Ɗaya ba ta isa ba, sai duka biyun."

Na riƙe maganar hannu bibbiyu. Da bokitin ruwa na fara, tunda ɗebo ruwa aikina ne dama. In na share tsakar gida, na dama wa awaki dusa, sai in koma bayan ɗaki in yi ta kokawa da bututun, Inna tana tsokanata, "Ka bar simintin nan ya huta mana." Bayan sallar asuba kuma in nufi Dala ni kaɗai, ina hawa ina zama. Daga can sama kudu nake kallo, kewa tana cin raina.

Sai da na shekara uku kafin na iya duka biyun, na aika masa ta bakin wani mai fataucin fata a Kasuwar Kurmi. Shiru. Da Yaya ya zo wata babbar sallah, ya yi tumbi, ga mata ga goyo, ya hangi gwangwanayen ya yi dariya: "Har yanzu tarkacen nan suna nan?" Ashe ya manta. Ban tuna masa ba, amma abin ya yi mini ciwo.

Yau samari a ɗaki mai madubi suke motsa jiki, ga kiɗa ga abokai. Ni har gobe ina ɗaga simintina, ina hawan Dala ba haki, likita ma yana yaba zuciyata. Lafiyar dai na samu. Yayan da na sani ne bai dawo ba.