Sifilin da Na Rubuta

Ina da jika biyu na fara riƙe bik na rubutu. Mata suna dariya wai tsohuwa za ta lakkwal, makarantar boko, na ce su yi ta yi, haƙoransu ne za su sha iska. Shekara uku na yi a ajin yaƙi da jahilci, har na iya rubutu da lissafi. Malaminmu ya koya mana cewa sifili shi ne babu. In buhu ya ƙare, sifili. In akuya ta mutu, sifili. Na riƙe wannan da hannu biyu.

Ƙauyenmu yana gefen wani kwari, kudu da Gure. Wanda bai san ƙasarmu ba, kwari rami ne mai faɗi a tsakiyar tuddan rairayi, ruwa kusa da ƙasa, dabino da goruba a ciki, da ɗan rogo da albasa. A nan babanmu ya bar mana dabino goma sha ɗaya, ni da yayana. Tudun gabas kuwa tun ina budurwa yake matsowa.

Wata rana mota ta kawo mutanen wata jami'a, cikinsu da wata yarinya mai gilashi da ke karatun digiri na ƙarshe. Suka kafa bututun ƙarfe a tsakiyar kwarin, zurfin mita shida. Ta yi wa maigari bayani cewa sun kafa irinsa a kwarurruka da yawa, daga wajen Kelle har Gidigir. Za a dinga auna ruwa, a haɗa da hoton da ake ɗauka daga sama da lissafin ruwan damina da na iska, a zuba wa ordinatar, wato na'urar kwamfuta, ita kuma ta faɗi kwarin da rairayi da fari za su fara ci. Masu furoje, wato shirin yaƙi da hamada, na jiran wannan amsa, don su san inda za su fara kafa shingen tare rairayi.

Ta tambaya wa ya iya rubutu. Maza suka shiga sosa ƙeya. Na miƙe.

"Iya, za ki iya kuwa?"

"Kawo kayen, 'yar nan. Ba haihuwa ba ce."

Ta ba ni kaye, littafin rubutu ke nan, da igiyar awo mai ɗan ƙarfe a baki. Kowace Juma'a da hantsi in zura, in na ji ƙarfen ya ce ƙwal a kan ruwa, in duba lamba a bakin bututu in rubuta. Ƙarshen wata a ɗauki hoton shafin da salular maigari a aika mata. Ban taɓa fashi ba. Ranar da aka binne mijina Alhamis ce, Juma'a na aika aka kawo mini igiya, na yafa mayafi na je na auna. Aka yi ta tsegumi. Su suka sani.

Mita huɗu. Huɗu da rabi. Biyar. A shekara ta biyu, na zura igiya na ji ƙarfen ya daki busasshiyar ƙasa. Na jawo shi ko danshi babu. Na zauna a gindin dabino, na zana sifili mai kyau, zagayayye kamar ƙwai. Haka na yi ta zana shi, Juma'a bayan Juma'a.

Da amsa ta fito, wani jami'in furoje ya zo da taswira mai launi. Kwarin da aka shafa wa ja yana cikin haɗari, shi za a fara yi wa shinge. Ruwan ɗorawa ya jira. Kore lafiyarsa ƙalau. Namu kore ne shar.

Na ce, "Malam, wane irin kore? Rijiyoyinmu sai an ƙara wa guga igiya. Ga tudu can ya shanye gonar rogo."

Ya ce, "Hajiya, lissafi ba ya ƙarya. Kuma da awonki aka yi."

Yayana ya samu abin tsokana. In ya gan ni da igiya sai ya ce, "Malama mai kore, a yayyafa mana kaɗan a tuwo." Na kan ce masa ya je ya koyi rubuta sunansa tukun. Amma a raina na ɗauka wataƙila na'urar ta hango wani ruwa can ƙasa da mu ba mu gani. Ban taɓa zargin hannuna ba. Muna kallo motoci suka wuce da kaba da itace zuwa kwarin maƙwabta.

Sai bayan damina biyu yarinyar ta dawo. Ta sauko daga mota tana murmushi, ta ce ta zo ganin kwarin da ya fi kowane lafiya. Ta tsaya a kan tudu, murmushin ya ɗauke. Dabino huɗu na gabas rairayi ya kai musu ƙugu. Ta karɓi igiya ta zura da kanta, ta jawo, ta sake zurawa.

"Iya, tun yaushe ya ƙafe?"

"Ai na rubuta miki. Ga shi nan, sifili, sifili."

Ta cire gilashin ta riƙe a hannu.

"Iya, lambar nan nisa ce daga bakin bututu zuwa ruwa. Sifili a wurinmu ruwa ya cika har baki ke nan. Akwai kwarurrukan da haka suke, ruwa kwance a fili. Ordinatar ta ɗauka naku ya zama irinsu."

Na ji kamar an zuba mini garwashi a zane. Na ce, "To ke da kike da ido biyu da gilashi biyu, ba ki ga ruwa ya yi tsalle daga mita biyar zuwa baki cikin mako ɗaya ba?"

"Na gani."

"Sai me?"

"Na yi murna, Iya. Na ce ko ruwan tuddai ne ya gangaro muku. Ya kamata in kira ki."

Na so in zage ta, na tara zagin ma a baki. Sai na ga tana share hawaye da gefen gyale, ni kuma na tuna yadda nake lanƙwasa sifilin nan a hankali don ya yi kyau. Ita ba ta gaya mini abin da zan rubuta in ruwa ya ƙafe ba, ni kuma girman kai bai bar ni na tambaya ba. Yayana yana tsaye yana jinmu. Ranar bai yi tsokana ba, kuma da ya yi da na fi so.

Ta koma ta gyara. Ta yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinta ba, har ta rubuta wa masu furoje cewa kuskuren nata ne. Bayan wata biyu ta kira ta salular maigari. Na ce ta faɗa mini ba kwana-kwana. Ta ce yanzu mun fita daga kore, mun wuce ja, mun shiga wani launi na huɗu da ban san da shi ba, toka-toka. Shi ne kwarin da lissafi ya nuna ko an yi shinge ba zai tsaya ba. Wannan karon na san na'urar gaskiya ta faɗa, don ina gani da idona.

Mun yi namu shingen da karan gero, ni da yayana da matan ƙauye. Iska ɗaya ta kwantar da shi.

Dabino uku suka rage. Bara na hau tudun gabas na tsinki 'ya'yan babban dabinon da hannuna ina tsaye, wanda da sai an yi hayar mai hawa. Rairayi ya kai masa wuya. 'Ya'yan ƙanana ne, busassu, na ci biyu na kasa na uku.

Har yau ina zuwa bututun ranar Juma'a, ko da yake yanzu sai na tone bakinsa. In na jawo igiya, sai in buɗe kaye in rubuta da haruffa manya, BABU RUWA, in ja layi biyu a ƙasa.